Hular Bakatsine a Kan Dorina

Mutawakkil ya danne akuyar tsakanin gwiwoyinsa yana neman inda zai soka allura, sai ya ga babur na huɗu ya wuce da daro biyu ɗaure a baya. Na biyar ya wuce da mutum uku da gatari. Na shida wata dattijuwa ce a baya, ta rungume tukunyar biki kamar mai rungume da jika. Duk hanyar kogi suka nufa, alhali ranar kasuwar Illo ce, ko hantsi bai gama dubawa ba. Mai akuyar ma ya saki igiya yana ta miƙa wuya.

Da Mutawakkil ya tambaye shi ko gobara aka yi, mutumin ya ce ina fa gobara, ai arziki ne ya kwanta a Tungar Audi. Mai-gona ta mutu.

Duk wanda ke zaune tsakanin Bagudo da bakin iyaka ya san Mai-gona. Dorina ce, shekara uku tana fitowa daga kogi tana shiga shinkafar mutanen tungar. An buga mata gwangwani, an kunna mata wuta, an kai ƙara har wurin ma'aikatan gandun daji, ita dai ba ta fasa ba. Da suka gaji sai suka sa mata wannan sunan, tunda ita ke fara girbi kafin masu shuka. Mutawakkil ya yi dariya har akuyar ta kusa kuɓuce masa. Ya gama allurar, ya goge hannu, sannan ya tambayi wane maharbi ne ya yi wannan aiki.

"Ba wanda ya taɓa ta," in ji mai akuya. "Jiya da yamma an gan ta lafiya lau tana hamma. Yau da safe aka iske ta kwance."

Mutawakkil ya ɗan tsaya da jakar magani a hannu. Daga nan ya ɗaure ta a bayan babur ya bi sahun masu daro.

Shekararsa shida ke nan a matsayin malamin dabbobi a wannan yanki. Bakatsine ne, mutanen Tungar Audi kuwa Sarkawa ne, masunta, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga Kabi. Da farkon zuwansa ko sallamarsa ba a amsawa da kyau, in an hango shi sai a kora shanun huɗa cikin ciyawa, wai mai allurar gwamnati ya zo. Ranar da suka gano daga ina ya fito, ranar komai ya warware, don tsakanin Bakabe da Bakatsine akwai wasa tun na kaka da kakanni. Suka fara kiransa bawa, shi ma ya rama. Da wannan wasa ya yi wa shanunsu rigakafi kaf. Yakan ce a jera masa shanun a gaba, masu shanun a baya, tunda duk allura ɗaya ce ke yi musu. Ya taɓa rantse musu da girman hularsa cewa an gano a asibiti cin kifi ne ke sa Kabawa ba su da wuya. Wata shekara ya ce gwamnati za ta fara sa musu lamba a kunne. A shekara shida bai tuna ya taɓa faɗa wa mutumin Tungar Audi magana biyu a jere ba tare da ya saka ƙarya mai daɗi a ciki ba.

Tun daga nesa ya jiyo kalangu. Ya ajiye babur a gindin wata giginya inda babura sun kai hamsin, ya kutsa. Mai rake ya zo, mai ƙosai ta kafa murhu, wani har ya shimfiɗa wuƙaƙe da duwatsun wasa wuƙa yana ciniki. A bakin ruwa jirage sun jeru, wasu daga tsallaken Benin, mutanensu na ta magana da Dandanci suna nuna tudu. Wani mai farar hula yana bayani da ƙarfi cewa dabbar tasu ce, a wajensu take wuni, nan kiwo kawai take zuwa. Aka ce masa ya kawo takardar haihuwarta.

Tana kwance a gefen gonar shinkafa, a kan ɗan tudun da ruwa ba ya kaiwa ko da damina. Ta kumbura har ƙafafunta biyu na sama sun miƙe kamar ƙafafun gado. An zagaye ta da igiya, samari huɗu riƙe da sanduna suna korar karnuka da masu son ɗaukar hoto. Mutawakkil ya zagaya ta wajen kai ya tsuguna. Jini ne ke tsiyaya daga hancinta da gefen baki, baƙi kamar kwalta, ya kwanta a ƙasa, kuma duk zafin ranar nan bai daskare ba. Ya karyo kara ya taɓa. Jinin ya biyo karan kamar man gyaɗa.

Sau ɗaya ya taɓa ganin irin wannan, a kan wani bijimi, lokacin yana koyon aiki. Ciwon saifa. Har yau yana tuna yadda malaminsu ya fizge wuƙa daga hannun mahauci.

"Kai bawa, wa ya gayyaci Katsinawa?"

Ma'azu ne, mai gonar. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, yau ya sha babbar riga a kan wandonsa na kamun kifi, mai kalangu na biye da shi. Shi ya fara ganinta da sassafe, kuma shinkafarsa ta fi ci a shekarun nan uku, don haka tun safe ake ɗaukarsa a kafaɗa ana saukewa. Ya ce wa jama'a su duba, Bakatsine ya jiyo ƙanshin nama daga Illo, ga shi har ya durƙusa yana gaishe shi.

Mutawakkil ya miƙe ya tambaya ko an riga an taɓa ta da wuƙa. Mutane da yawa suka amsa masa a tare. Dorina ba akuya ba ce. Ba wuƙar da ke shiga jikinta sai Sarkin Ruwa Audi ya zo ya yi bismilla ya fara tsagawa da hannunsa, shi kuwa ya tsallaka Benin ta'aziyya tun jiya, an aika masa, sai bayan azahar zai iso. Maganar halacci kuma an gama ta. Liman ya ce dabbar ruwa ce, mushen ruwa kuwa halal ne. Wani ya yi gardamar cewa a tudu ta mutu, aka tambaye shi in kifi ya yi tsalle ya faɗo cikin jirgi ya mutu, zubarwa yake yi? Yanzu haka yana can riƙe da bokiti.

Mutawakkil ya duba agogo. Sha ɗaya saura.

Ya ja Ma'azu gefe, amma gefe a ranar nan ba shi da wuri, mutum ashirin suka biyo su. Cikinsu har da Inna Tasallah, mai suyar kifi a bakin tasha, wadda ya gani da tukunyar biki. Ya yi musu magana a hankali, da muryar da bai taɓa yi musu magana da ita ba. Ya ce dabba mai girman wannan ba ta faɗuwa dare ɗaya haka kawai. Akwai wata cuta da ke kwana a cikin ƙasa shekara da shekaru. In ruwa ya janye, ciyawa ta yi gajarta, dabba na cizgo ta har da ƙasar, sai ta haɗiye cutar. Ba ruwanta da na daji ko na gida: fadamar da Mai-gona ke kiwo da dare, ita shanunsu ke kiwo da rana. Muddin cikin nan yana rufe, yawancin cutar za ta mutu tare da ita. Amma in aka farke shi iska ta shiga, jinin nan kamar iri ne, duk inda ya ɗiga an shuka, jikokinsu ma sai sun iske shi.

Suka saurare shi tsit har ya kai aya. Sai Inna Tasallah ta ce, "Wanga yaro ya iya. Wallahi har na ɗan ji tsoro."

Aka fashe da dariya. Ma'azu ya dafa cikinsa ya ce wannan ta fi ta lambar kunne. Wani ya ce a ba shi kofato ya yi shiru. Aka tuna masa dorina ba ta da kofato, ya ce to shi ya sa.

Mutawakkil ya ce wallahi ba wasa yake ba. Aka ce haka ya ce ranar maganar wuya.

"Inna," ya ce, "mutum ma tana kama shi. In kana da ɗan rauni a hannu, jinin ya taɓa, sai ƙurji ya fito, ya yi baƙin baki kamar gawayi. In aka ci naman, hanji take kamawa."

"Ɗana, shekara arba'in ina gaban wuta. Ban ga abin da ya shiga tafasasshen mai ya fito da ransa ba."

"Kafin ya kai ga mai fa? Hannun mai fiɗa, da daron, da ruwan wanki, da ƙashin da kare zai ja zuwa turken shanu?"

"In ka ga Bakatsine na wa'azi," ta ce wa na kusa da ita, "duba inda idonsa yake. Kan cinya yake."

Ta ba shi ƙosai biyu a takarda don ya yi ƙoƙari.

Ya hau kan wani suri yana ɗaga waya sama, don a wurin nan layi sai ya ga dama, wani lokaci ya gaishe ka da Faransanci. Da ƙyar ya samu shugabansa, likitan da ke can babban gari. Ya kwatanta masa jinin da kumburin. Likitan bai bari ya ƙarasa ba. Ya ce kada a buɗe ta ko da wasa, a ɗebi jinin hanci da auduga a rufe a kwalba, a haƙa rami mai zurfi a tudu, a ƙone, a binne. Zai haɗa mutane da maganin rigakafi, amma ko yanzu suka taso ba za su iso ba sai gobe. Ya tambaye shi ko mutanen wurin suna jin maganarsa. Mutawakkil ya dubi ƙasa, inda wani saurayi ke kwaikwayon tsugunonsa da kara a hannu, jama'a na tafi. Ya ce suna ji sosai.

Ya sa safar hannu biyu-biyu ya ɗebi jinin. Aka ce Bakatsine ya fara ɗanɗanon miya. Ya je wurin liman, wanda ke zaune a inuwa da carbi. Liman ya saurare shi da kyau, ya ce shi hukuncin halal ya faɗa, bai ce dole a ci ba, kuma in akwai cutarwa to barin ya fi. Amma ya ƙara da cewa shi baƙo ne a tungar, shekararsa biyu, kuma akwai mutum ɗari uku a nan da wuƙaƙe. Maganar Sarkin Ruwa kaɗai za ta tsayar da su. Sannan ya ɗan sunkuyo ya tambaye shi tsakaninsa da Allah, wannan karon da gaske ne?

Aka yi azahar a bakin gona, sahu har cikin kunyoyin shinkafa, kowa da daronsa a gaba kamar takalmi. Ana sallamewa aka hango jirgin Sarkin Ruwa.

Tsoho ne dogo, siriri, ido ɗaya ya yi fari. Aka taro shi da kiɗa. Yana tafe yana amsa barka, wani mahauci da aka ɗauko daga Lolo yana biye da shi da wuƙa a kan tire. Mutawakkil ya sha gabansa ya durƙusa ya fara, ranka ya daɗe, akwai magana. Kafin ya kai ga kalma ta biyar jama'a sun ƙarasa masa, wannan ya ce cuta, wancan ya ce iri, wani ya ce jikoki. Tsohon ya yi murmushi ya shafa kansa ya ce bawan kirki, za a ba ka hanji. Ya wuce. Aka ɗaga masa igiya. Ya naɗe hannun riga, ya miƙa hannu ga tire.

A nan ne abin ya faɗo wa Mutawakkil. Mutanen tungar nan suna da wata doka tasu a wasan, wadda shi kansa ya sha wuyarta. Shekara biyu da suka wuce, ranar da ya fara zuwa da sabon babur, Ma'azu ya cire hula ya ɗora a kan sirdin. Aka ce masa abin da abokin wasa ya ɗora wa hula ya zama nasa, sai an fansa da abin da ya yanka. Sai da ya yi cara sau uku kamar zakara a gaban mata masu daka kafin aka ba shi makullinsa, Sarkin Ruwa da kansa ya yi alƙalancin.

Ya cire hularsa, ƙube ce mai aiki shuɗi, wadda ya fi so duk cikin hulunansa. Ya auna, ya wurga ta saman kawunan mutane. Ta juya a iska, ta sauka a kan kumburarren cikin, ta ɗan zame, ta tsaya.

Kalangu ya yi shiru.

"Na ɗora," in ji Mutawakkil.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Wasu suka faɗi ƙasa don dariya. Ma'azu ya riƙe kai yana zagaye wuri ɗaya yana cewa an cuce shi da makaminsa. Mutanen tsallake suna tambaya me ya faru, ana fassara musu, mai farar hula yana cewa su ba su san wannan doka ba, ana ce masa to a tudun wa ta mutu. Sarkin Ruwa ya janye hannunsa daga tire. Ya ce doka doka ce, ko kan giwa aka ɗora. Bawa ya faɗi fansarsa, in cara yake so akwai masu murya.

Mutawakkil ya auna abin a ransa. In ya yanka abu mai sauƙi za a biya shi nan take a ci gaba da fiɗa. In ya ce ba ya son fansa, ya karya wasan, hular ta zama hula kawai. Ya gyara tsayuwa, ya sako tsohuwar muryarsa, ta tsiya.

"Abu kaɗan ne, ranka ya daɗe. Ka tsaya nan, a gaban mutanen Nijeriya da na Benin, ka ce Katsinawa su ne iyayen gijin Kabawa tun ran gini tun ran zane, kai kuma bawana ne, na gaje ka. Sau uku. Ga wayoyi nan za su ɗauka."

Aka yi wata irin ƙara, rabi dariya rabi salati. Tsofaffi suka ce ko a mafarki. Amma samari suka matso, kuma wannan ne abin da Mutawakkil ya ji tsoro. Suka ce Baba, magana ce fa, iska ce, a faɗa a wuce wurin. Wani ya ce shi zai faɗa sau ɗari a kan awaza ɗaya. Mahaucin Lolo ya ce shi dai an taso shi daga kasuwa. Inna Tasallah ta ce wa Sarkin Ruwa, Yaya, ka faɗa a hankali mana, mu za mu yi tari a rufe. Har Ma'azu, bayan ya yi ta kai da kawo, ya ce ranka ya daɗe, nama ne fa na wata guda.

Tsohon ya taka zuwa wajen kan dorinar, hannuwa a baya, ya sunkuya da idonsa mai gani. Ya daɗe yana duban jinin da ke ƙasa. Ya ɗago ya dubi Mutawakkil, wanda ke tsaye kai ba hula, gumi na bin wuyansa. Ya sake duban jinin. Mutawakkil bai taɓa sanin abin da tsohon ya gani ba, ko wani abu ya tuna na zamanin ƙuruciyarsa, ko kuwa girman kai ne kawai irin na Bakabe.

"Ni Audi," ya ce, "in ce ni bawan Bakatsine ne? Gara in ci gayan tuwo har in mutu." Ya warware hannun rigarsa. "Kuma yanzu da na dube ta da kyau, na gane ta. Ku dubi wanga baki, ku dubi wanga ciki. Kakarsa ce. Shi ya sa tun safe yake kuka yana hana a taɓa ta. Mu ba mu cin kakar bawanmu. A taimaka masa ya binne abarsa."

Da an ce musu kawai su koma gida da daro wayam, Allah kaɗai ya san yadda za a ƙare. Amma an ba su jana'izar kakar Bakatsine, kuma ba a taɓa yin irinta ba. Masu gunaguni suka yi, wasu jirage suka juya, mahauci ya tafi yana zage-zage. Sauran suka watsu neman fartanya da shebur. Kafin la'asar mutum arba'in na cikin rami a gefen dorinar, ana karɓa-karɓa, ƙasa na tashi. Mutawakkil na bakin ramin yana cewa a ƙara zurfi, kakarsa ba ta son zafi, sai ya shanye mutum biyu a tsaye. Aka zo ana yi masa ta'aziyya a layi. Aka tambaye shi ko ta bar wasiyya, ya ce ta ce a gaishe da Ma'azu, shinkafarsa ta bana ta fi ta bara gardi. Inna Tasallah ta kifa tukunyarta ta zauna a kai ta jagoranci mata suna kukan ƙarya, tana yabon marigayiya da cewa ba ta taɓa cin na mutum ɗaya ta bar na wani ba.

Ya yi amfani da matsayinsa na mai gawa yadda ya kamata. Ya ce a gidansu ba a taɓa mamaci da hannu, kuma ba a taka jininsa. Duk wanda ya taka sai ya bar takalminsa a rami. Ya sa aka kankare ƙasar da ta jiƙe da shebur aka zuba a ciki. Ya sa aka jera itace da tsofaffin tayoyi a ƙasan ramin, aka kawo jarkar fetur uku, abin da ba ya wuya a bakin iyaka. Ya ce shanu kada su yi kiwo a wannan fadamar har sai an yi sadakar arba'in, kuma gobe dangi za su zo daga birni da allura, kowa ya fito da dabbobinsa gaisuwa. Sarkin Ruwa, daga kan tabarmarsa, ya ce an ji, kuma wanda ya saɓa da shi zai yi.

Shi kansa Mutawakkil abin ya fara ɗibarsa. Ya ji ƙafafunsa sun yi sauƙi. Da mai kalangu ya matso yana yi masa kirarin maraya, sai ga shi ya taka rawa biyu.

Aka kawo sandunan tura jirgi da igiyoyi. Samari suka kwashe jiƙaƙƙiyar ciyawar da aka lulluɓe bayanta da ita saboda rana, da sanda, kamar yadda ya ce. Aka sa mata sanduna ta ƙarƙashi, mutum talatin suka danna da waƙa. Ta motsa, ta koma. Aka sake. A karo na uku ta mirgina a hankali, hular na manne da ita, ta faɗa ramin da wata ƙara da aka ji a ƙafa. Wuri ya ɗauki sowa.

A cikin mirginawar nan Mutawakkil ya ga abin. A gadon bayanta, daga kafaɗa zuwa kusa da wutsiya, an yanke fata doguwa, faɗin yatsu uku, yanka mai kyau na wanda ya san wuƙa. Daidai bulala ɗaya. Ba wanda ya lura, ido duk yana kan hular. Aka watsa fetur, Sarkin Ruwa ya ba da izini, wuta ta tashi, jama'a suka ja baya suna tafi.

Bai yi dogon tunani ba. Mutum ɗaya ne ya kasance shi kaɗai da ita da sassafe, kafin a ɗaura igiya. Ya neme shi da ido, ya same shi a tsakiyar 'yan rawa, babbar riga na kaɗawa, hannun hagu a cikin aljihu. Tun safe, yanzu da ya tuna, da dama kaɗai yake gaisawa da tafi a cinya.

In ya yi magana a nan, Ma'azu ya zama wanda ya riga Sarkin Ruwa sa wuƙa, a gaban gari duka. Ya bari sai da rawa ta kawo shi kusa, ya kama gefen rigarsa ya ja shi bayan giginya. Ma'azu ya biyo shi yana haki yana dariya, yana cewa maraya ya yi haƙuri, kowa ya rasa kaka.

"Malam Ma'azu," ya ce. "Nuna mini hannunka."

Dariyar ta ɗan ci gaba ita kaɗai, sannan ta tsaya. Ma'azu ya dube shi kamar yana jiran sauran maganar. Da bai ji ta ba, ya zaro hannun. An ɗaure babban yatsa da tsumma.

"Wuƙar ce ta zame. Fatar da tauri. Shekara uku tana ci na. Na ce ko bulala in samu."

"Ina take?"

"Gida. Na rataye ta a rumfar shanu, ta tsane. Matata Ummu Salma ce ta shafa mata gishiri."

Mutawakkil ya ce akwai magani, kuma in aka fara shi yau ana warkewa. Za su bi ta gidan su kwance shanun daga rumfar, su ɗauki matarsa, su wuce asibitin Illo kafin mai ba da magani ya tashi. Fatar kuma shi zai dawo da ita ramin da kansa, a cikin buhu, ba wanda zai ji daga bakinsa.

Ya tayar da babur. Ma'azu ya tattare babbar rigarsa ya hau baya, yana riƙe da hannun a ƙirji. Suna fita daga gindin giginya wani ya hango su ta cikin hayaƙi, ya yi kira ga jama'a su zo su gani, Bakatsine ya rasa kaka ya sace Bakabe. Aka bi su da dariya har kan hanya. A cikinsu su biyun ba wanda ya waiwaya.